Harshen da Na Hana Ka

Gummi,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗan fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina gaida matarka Hadiza da duk wanda ke cin tuwo a gidanka na Anka. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a wannan tafiya da ke gabanka, ya kai ka lafiya, ya komo mana da kai bisa ƙafafunka.

Ka san ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ba kuwa zan fara a takarda ba. Ka san kuma ni da kai ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba. Kunyar ɗan fari ta sa na yi ta haɗiye abubuwa har suka yi mini yawa a ciki. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan ba direban motar Anka ya kawo maka ranar kasuwa. Kada ka karanta ta a ofis tsakanin mutane. Ka bari sai ka koma gida ka zauna.

Ranar Juma'ar da ka zo sallama, kana zaune kan tabarma bakin ɗakin marigayi babanka, ƙannenka sun kewaye ka, ni ina madafa ina kwashe tuwo. Duk abin da ka faɗa ya shiga kunnena. Ka ce gwamnati ta tura ka ƙasar Ailan ka koyo kiwon shanun madara. Wannan na riga na sani, na kuma yi murna. Sai ka ƙara da cewa kwalejin tana da darussan yamma da ake ɗauka ɗai-ɗai, ba sai mutum ya shiga karatun digiri ba, ya zaɓi wanda ransa ke so, in ya gama ya ɗauki wani. Ka ce har ka sa sunanka a na tarihin mutanen ƙasar da al'adunsu, in ka ƙare shi kuma ka shiga na tsohon harshensu. Ka ce wani malaminka na Zariya, mutumin can, shi ya sa maka son abin. Ka kwaikwayi gaisuwarsu, Rabi da Saratu suna ta ƙyaƙyata dariya. Sannan ka sassauta murya ka ce, "Abin tausayi ne fa. Turawan Ingila sun zauna musu har yawancinsu suka saki harshen kakanninsu. Yanzu sai ka ga dattijo da furfura ya tashi daga aiki ya tafi aji, yana koyon yadda kakarsa ke cewa ruwa."

Mara ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin toka. Rabi ta leƙo ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce mata hayaƙi ne.

Ba hayaƙi ba ne. Kai da kake tausayin dattijon Ailan, yaya taka kakar ke cewa ruwa? Ba ka sani ba. Kuma ba Bature ne ya hana ka ba. Ni ce.

Ka san an haife ni a ruga kusa da Nasarawa Burkullu, amma abin da ka sani kaɗan ne, don ni na taƙaita maka shi. Lokacin da En'e ta ce kowane ardo ya ba da yara a kai makarantar boko, ubana ya riga ya rasu, babu mai tsaya wa Innata, sai aka miƙa ni. Na zo elemantare a Bukkuyum da Hausar tallan nono, wadda ba ta wuce ciniki da gaisuwa ba. A makon farko malam ya ɗaga hoton saniya ya nuna ni ya ce, "Ke, mene ne wannan?" Na miƙe da ƙarfina, don ga abin da na fi kowa sani a ajin, na ce, "Nagge." Aji ya tarwatse da dariya, har da malam. Daga ranar sunana ya koma Nagge. Da shi aka kira ni har na bar Bukkuyum, wata kuma ta ɗauke shi ta kai mini makarantar kwana. A can na yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya ba ni ɗiya, babu wanda za a yi wa wannan dariya. Yarinya ce ƙarama mai jin haushi ta yi alkawarin, babbar mace mai takardar malanta ta cika shi.

Gidan babanka gidan malamai ne, kuma ina so ka san babu wanda ya hana ni Fillanci a cikinsa. Shi da kansa, Allah ya jiƙansa, ya sha ce mini, "Asma'u, ki riƙa yi ma yaron nan Fillanci. Harshen malamai na, akwai karatu cikinai." Sai in ce masa zai ruɗe ka in ka shiga makaranta. Da lokacin yayenka ya yi aka kai ka ruga wurin Innata, ka daɗe can fiye da yadda aka saba, don ta ƙi sakin ka. Ka dawo da ƙiba, da warin man shanu, da bakinka cike da maganarsu. Wata rana malamai mata 'yan'uwana sun zo gidan, muna zaune muna hira, ka taho da ƙoƙonka ka ja zanena ka ce, "Kosam." Suka yi dariya. Yau na san dariyar sha'awa ce, irin wadda ake yi wa kowane yaro. Amma ni a ranar ajin Bukkuyum na ji. Na buge maka baki na ce, "Ka ce nono!" Ka tsaya kana dubana, ko kuka ba ka yi ba. Ba ka sake faɗin kalmar ba, ba ka sake faɗin 'yan'uwanta ba.

To ga abin da zan gaya maka. Inda za ka, kai ne za a yi wa dariya. Za a yi wa Turancinka, za a yi wa yadda kake cin abinci, wani zai tsaya yana kallonka kana alwala. Zai yi maka zafi. Kada ka yanke wata shawara a ranar da aka yi maka dariya. Kada ka ce daga yau na bar kaza. Ka bar haushin ya kwana ya huce. Masu dariyar ajinmu duk sun manta, na haɗu da wasunsu a biki suna rungume ni. Ni kaɗai na riƙe abin, kuma kai na sa ka biya.

Yanzu maganar darussan yamma. Ba na ce kada ka yi ba. Amma a kan karatun ɗai-ɗai babu wanda zai koya mini, don rabin ƙuruciyata a cikinsa ya tafi.

Da ƙaramar takardar malanta na fito, aka yi mini aure, aka tura ni koyarwa. Ina gani 'yan bayana suna dawowa da babbar takarda ana ɗora su a kaina. Sai na ji ana kwas na hutu a Sakkwato, malamai na zuwa in an rufe makaranta, kowa ya ɗauki darasin da yake so. Na roƙi babanka ya yarda. Duk dogon hutu sai in ɗaure akwati in bi motar Sakkwato, in sauka wurin wata 'yar'uwarsa. Shekarar farko na ɗauki tarihin Ingila, ba don komai ba sai don malamar ta yaba Turancina. Na haddace sarakunansu bi da bi, da wanda ya yanke kan wa, da yaƙoƙinsu da Faransa. Shekara ta gaba na ɗauki waƙoƙin Turanci, don ƙawata ta ɗauka. Wata shekara labarin ƙasa, wata shekara kiwon lafiyar yara. Kowanne in na gama a ba ni takarda mai hatimi, in kawo ta gida in sa ƙarƙashin akwati ina jin daɗi. Ban taɓa tambayar kowa ko waɗannan takardu suna haɗuwa su zama wani abu ba. Na ɗauka ai karatu karatu ne, in ya taru dole a gani.

Ranar da na kwashe su na kai ofis neman ƙarin girma, akawun ya jera su kan tebur, ya duba ɗaya bayan ɗaya. Mutumin kirki ne, bai wulaƙanta ni ba. Ya ce, "Malama, waɗanga duk takardun halarta na. Suna nuna kin zauna aji. Ba su kai ki ko'ina." Na ce duk shekarun nan fa? Ya ce da na ɗauki lissafi da Turanci da dabarun koyarwa bi da bi, na zauna jarrabawarsu, da tuni na samu babbar takarda. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba? Ya ce, "Kin tambaya?" Na tattara su na fito. Wadda aka ɗora shugabar makarantarmu a shekarar, ni na koya mata rubuta sunanta.

Don haka ranar da ka sauka, kafin ka zauna a kowane aji, ka je ofishinsu ka tambaya a fili: darasin nan in na gama shi, me yake zama? Yana haɗuwa da wani? In sun ce ba ya zama komai sai sani, to ka yi shi don sani, ka san abin da ka saya ke nan, kada ka dawo kana tsammanin wani zai ƙara maka girma a kansa. Kuma kada ka zaɓi darasi don malami ya yi maka murmushi. Na ga yadda idonka ke haske in ka ambaci malaminka na Zariya. Na san wannan hasken, na yi shi.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar shiga. Karatun gefe ba ya zuwa da lokacinsa, daga jikin wani abu yake yanka. Nawa daga jikinku ya yanka. Hutu shi ne lokacin da ya kamata in zauna da ku, shi ne kuma lokacin da ya kamata in kai ku ruga. Ka yi ƙyanda ina Sakkwato ina haddace matan wani sarkin Ingila. Kai ka duba tun yanzu daga ina naka zai yanka. In daga karatun shanun da aka tura ka ne, ka ajiye shi, don amanar mutane ce ka ɗauka. In daga sallarka ne, ka ajiye shi. In daga wasiƙar da za ka rubuta wa Hadiza ne, ka ajiye shi, yarinyar nan za ta zauna ita kaɗai da goyo tana jiran ɗan aike. In daga yawo da hirar banza ne, to madalla.

Kwas na ƙarshe da na yi shi ne wanda ya fi ci mini rai, ban kuma taɓa ba kowa labarinsa ba yadda yake. Bayan abin da akawu ya gaya mini na koma na bi hanya, na ɗauki darussan da ake so. A cikinsu akwai na Hausa da al'adu. Malamin saurayi ne, bai daɗe da fitowa jami'a ba, yana da zafin son abin. Ya ce kowa in ya koma gida ya zauna da tsohon gidansu, ya rubuto asalinsu, daga ina suka taso, me suka tarar, waɗanne waƙoƙi matansu ke yi wurin daka da reno. Ya ce a kawo hutu mai zuwa. Ya dube ni ya ce, "Malama Asma'u, na ji an ce ke Bafillata ce. Naki nake jira, don irinsa ba mu da shi a rubuce." Karo na farko ke nan da wani ya faɗi haka a cikin aji ba dariya ta biyo baya ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na dawo Gummi da niyyar zuwa wurin Innata. Ita ce ta san komai. Ta san hanyar da kakanninmu suka biyo da shanu, ta san sunan kowace saniya ta gidanmu da uwar da ta haife ta, tana da waƙar da take yi in tana kaɗa nono wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba. Amma sai na ce bari a gama jarrabawar yara. Aka gama, na ce bari damina ta ɗaga, hanya ta lalace, gulbi ya kawo. Kaka ta yi, na ce bari in gama bitar lissafi, shi ne mai wuya, nata ai hira ce, yini ɗaya ya isa. Ta aiko ƙanena Buba, kawunka, da man shanu a ɗan tulu, ya ce, "Inna ta ce tana son ganinki." Na ce ya gaya mata ina nan tafe. Gaskiyar magana, ina jin nauyin zama gabanta. Bakina ya yi tsatsa, in na yi Fillanci sai matan ruga su dubi juna. Ni da na gudu daga dariyar gari, sai ga ni ina gudun dariyar ruga.

Zuwan Buba na biyu ba da man shanu ya zo ba. Ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa. Kafin in isa an riga an kai ta.

Ka tuna zuwanta Gummi na ƙarshe? Kana sakandare, ka zo hutu. Ta kama hannunka ta zaunar da kai, tana shafa kanka tana ta magana, tana cewa "ɓingel am", ɗana, tana ba ka labarin yadda ka riƙa bin 'yan maruƙa da rarrafe. Tana da Hausa, amma ta kasuwa ce, ba ta da wadda za ta faɗi irin wannan magana da ita. Kai kana ta murmushi kana gyaɗa kai, kana satar kallona in fassara maka. Na ce, "Gaishe ka take yi." Magana mai tsawo haka, na dunƙule ta na ce gaishe ka take yi. Ta juyo ta dube ni, ta ce da Fillanci, "Kin kai shi nesa." Ba ta ƙara ba.

Aikin malamin kuwa na kai masa. Wata abokiyar aikina 'yar Anka ta ba ni abin da kakanta ya faɗa mata na sarakunan Zamfara, na sake masa tsari na sa sunana. Ya karanta ya ce, "Na zaci na Fulani za ki kawo." Na ce tsofaffinmu ba su riƙe komai ba. Haka na ce, uwata ba ta daɗe a ƙasa ba. Ya ba ni maki mai kyau. Da wannan makin na cika babbar takardata, ita ce take rataye a ɗakina cikin gilashi, wadda kuke nuna wa baƙi.

Abin da na koya a nan shi ne tsoho ba ya jiran hutu. Littafi yana jira, jarrabawa ana sake ta, mutum ba a sake shi. In ka shiga ajin tarihin mutanen Ailan, za a ba ka maki in ka maimaita abin da ke cikin littafi, kuma makin ba zai nuna ka san su ba. In da gaske kake so, ka nemi tsofaffinsu. Za a kai ku gonaki wurin masu shanu, a nan za ka same su. Ka gaishe su da ladabi, ka zauna ka saurara. Kada ka fito da biro tun ba a ba ka wurin zama ba. Kada ka nuna musu tausayi irin wanda ka yi a tsakar gidana, babu mai son baƙo ya zo ya ji tausayinsa. Kada ka kwaikwayi harshensu don a yi dariya, ko a can ko in ka dawo. Kuma in wani dattijo ya gama ba ka nasa ya juyo ya ce, kai fa, ba ni naka, kada ka yi masa irin ƙaryar da na yi. Ka ce masa uwarka ba ta koya maka ba. Na yarda ka faɗa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi, don na san kana ɗauke da ita kai ma, ba ka dai faɗa.

Shekarar da ciwon bushiya ya shigo yana kashe shanu, kai aka ba motar allura ta yankin Bukkuyum. Ka isa rugar kawunka da farar riga da ma'aikata a bayanka. Ka tarar da 'yan tsofaffin shanu kaɗan a ɗaure, Buba ya ce maka su ke nan, sauran sun tafi kudu. Ka yi wa waɗanda ka gani allura ka wuce. Garken kuwa yana cikin daji bayan dutse, sun ɓoye shi tun da suka ji ƙarar mota, don an baza musu cewa ƙidaya ce gwamnati ke yi za ta komo da jangali. Kafin wata ya ƙare ciwon ya shiga garken. Ka san abin da ya rage. A cikin waɗanda suka mutu har da zuriyar karsanar da Innata ta ba ka ranar sunanka, waɗanda Buba ya yi ta kiwo yana cewa na ɗan Asma'u ne.

Na san ka yi fushi da shi, ka ce ya yi maka ƙarya a idonka, tun daga nan ba ka sake taka rugar ba. Ni na je masa jaje. Na same shi zaune bakin garke babu komai ciki sai turaku. Na ce, "Buba, ɗanka ne fa. Don me ka ɓoye masa?" Ya dubi turakun nan. Sannan ya ce, "Adda, na dube shi ina neman ɗana. Na yi masa magana da harshenmu a hankali, yadda na bayansa ba za su ji ba. Na ce, gaya mini gaskiya, allura ce ko ƙidaya? Ya juya ya tambayi direbansa me na ce. To wa zan ba amanar shanuna, shi ko direban?"

Ka gani? Tambaya ya yi maka. Da ka ji ta, da kalma ɗaya ta isa, da an koro garken. Buba yana jin Hausa sarai, amma ba da Hausa ake tambayar ɗa irin wannan ba. Kai ka yi aikinka yadda aka koya maka. Shi ya yi abin da tsoro ya sa shi. Wadda ta tsaya tsakaninku ni ce, tun ranar da na buge bakin yaro a kan ƙoƙon nono. In ana neman wanda ya kashe shanun nan bayan ƙaddarar Allah, kada a je ruga, kada a je Anka, a zo Gummi.

Shi ya sa maganarka ta Juma'a ta yi mini ɗaci. Ba haushin mutanen Ailan nake ji ba, Allah ya taimake su, su dai sun farga har sun buɗe aji. Haushina shi ne ɗana zai haye teku ya zauna kan benci yana koyon yadda wasu suka yi hasarar harshensu, alhali hasarar tana zaune a gidansu tana tuƙa masa tuwo. Kuma za ka iya, na san ka. Za ka dawo kana gaisuwa da harshensu kamar an haife ka can, a rataya maka takarda kusa da tawa.

Ga abin da nake roƙo, ban kuwa saba roƙonka ba. Kafin ka hau jirgi ka je wurin kawunka. Yana nan inda ka san shi, yana kiwon 'yan awaki da shanun wani Alhaji na Bukkuyum, ƙafa ta fara ba shi wahala. Kada ka je da motar ofis, kada ka sa farar riga. Ka hau motar kasuwa ka sauka ka taka. Ba sai ka ba shi haƙuri ba, ba sai ya ba ka ba, ku ba masu iya wannan ba ne. Ka zauna kawai, in an kawo nono ka sha. Ka ce masa za ka ƙasar masu shanu, ka tambaye shi me zai so ka dubo masa. Zai yi magana. In ya faɗi abin da ba ka ji ba, kada ka waiwaya neman mai fassara, ka ce masa, "Kawu, koya mini." Kada ka ce sai ka dawo. Ni ma haka na ce.

Na biyu, 'yarka. Ta fara haɗa magana. In kai da Hadiza kun yarda, a riƙa kawo mini ita tana kwana biyu, in na samu hutu in tafi da ita ruga. Ban yi alkawarin abu mai yawa ba, abin da ya rage a bakina ba shi da yawa. Amma matan Buba suna nan, yara kuma ba su jin kunyar kuskure. In Hadiza ba ta so, kada ka tilasta mata, kada kuma ka ce ni na ce. Na riga na yi iko da bakin yaro sau ɗaya, ya ishe ni.

Sauran abubuwan ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da rana ta ƙi fitowa, an ce can haka take yi. Ka kula da abin da ake zuba maka a kwano, ka tambaya, tambaya ba ƙauyanci ba ce. An ce ruwan sama ba ya ɗaukewa, ka sayi rigar sanyi mai kauri tun ranar farko, ƙirjinka ba shi da ƙarfi tun ƙyandar nan. Kada ka shiga rigimar siyasarsu, baƙo kake. In ka rubuto, ka rubuto da Hausa, Rabi za ta so ta karanta wa maƙwabta.

Na so in rufe takardar nan da addu'ar da ake yi wa matafiyi a ruga, wadda tsofaffi ke yi in samari za su tafi da shanu kiwo can mashekari. Na ajiye biro na zauna ina nemanta. Na samu farkonta, na samu wani yanki na tsakiya, ƙarshenta ya ƙi zuwa. Na yi ta juya ta a bakina har aka kira la'asar. Duk unguwar nan babu wanda zan tambaya. Don haka ka karɓe ta da Hausa, ita ce ta rage mini cikakkiya.

Allah ya kiyaye gabanka da bayanka. Allah ya tsare ka a sama da ƙasa da kan ruwa. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin baƙunta. Allah ya ba ka ilmi mai amfani, ya sa ka dawo ka tarar da mu, in kuwa ba ka tarar da ni ba, ka yafe mini.

Wassalam.

Innarka,
Asma'u